Kyarkeci Ya Komo: Yadda Makiyayan Amurka Suke Tsaron Garkensu

Duk wanda ya saba karatun Littafi Mai Tsarki ya san sunan kyarkeci. A cikin Bishara ta Yohanna sura 10 Ubangijinmu ya ba da misalin ɗan ƙodago, wanda yakan hangi kyarkeci tafe sai ya watsar da tumaki ya gudu. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin dabbar da idonsu. Wanda kakanninmu suka sani da wannan suna, wato karen dajin nan mai dabbare-dabbare da manyan kunnuwa, ya yi wuyar gani ƙwarai a dazuzzukanmu. Na cikin Littafi kuwa wani iri ne dabam, mai ruwan toka, ana samunsa tun daga ƙasar Falasdinu har Turai da Amurka. Labarinsa ne muka kawo muku a wannan fitowa.

Ga dalilin da ya sa. A yammacin Amurka an taɓa kashe kyarketai ƙaƙaf, aka yi wajen shekara 70 babu su, sa'an nan gwamnati ta komo da su. Makiyaya suka wayi gari da baƙon da ba su gayyata ba. Abin da suka koya tun daga lokacin zai amfani kowace ƙungiyar gama kai da take da awaki, ko tumaki, ko shanun noma a bakin daji. Waɗanda suka fi tsira da dabbobinsu su ne waɗanda suka san inda maɓarnacin yake, suka riƙe lissafin hasararsu da gaskiya, suka kuma haɗa kai wajen tsaro tun ɓarna ba ta auku ba.

YADDA AKA KAWAR DA SHI, DA YADDA YA KOMO

Sa'ad da Turawa suka bazu zuwa yammacin Amurka da shanunsu da tumakinsu, sun karkashe ɓaunan daji da sauran namun da kyarkeci yake ci. Da abincinsa ya ƙare sai ya juya kan dabbobin gida. Aka tasam masa da tarko da bindiga da guba, gwamnati kuma tana biyan lada ga wanda ya kawo fatarsa. Ko a cikin babban gandun dajin Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872 domin kiyaye halitta, ma'aikata sun kashe kyarketai 136 tsakanin 1914 da 1926. Daga nan ba a ƙara jin kukansu a gandun ba.

A hankali tunanin mutane ya sāke. A 1973 majalisar ƙasar ta kafa dokar kiyaye dabbobin da suke gab da ƙarewa, a 1974 kuma aka sa kyarkeci a cikinsu. Wasu kyarketai suka ƙetaro da kansu daga Kanada zuwa arewacin jihar Montana, har suka haihu a gandun dajin Glacier a 1986. Bayan doguwar gardama da shari'a, a 1995 da 1996 aka kamo 66 a Kanada. Aka kai 31 Yellowstone, aka tsare su cikin shinge wajen mako 10 domin su saba da wurin kafin a buɗe musu. Sauran 35 aka sake su kai tsaye a tsaunukan jihar Aidaho. Majalisar Aidaho ta ƙi yarda ma'aikatan jihar su sa hannu cikin aikin, saboda haka kabilar Nez Perce, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, su suka ɗauki nauyin bin sawun dabbobin a can.

Dokar wancan lokaci ta bar wa makiyayi ƙofa: in ya tarar da kyarkeci yana cikin kashe dabbarsa a filinsa na kansa, yana iya harbe shi, amma dole ya kai rahoto nan da nan. Abin da gwamnati ta sa gaba shi ne a sami kyarketai 300, da ma'aurata 30 masu haihuwa, shekara 3 a jere. An kai wannan adadi a 2002. A ƙididdigar 2023 kuwa, Montana da Aidaho kowacce tana da fiye da 1,000.

HALINSA

Wanda zai tsare garkensa sai ya san halin abin da yake tsaro dominsa. Namijin kyarkeci na wannan yanki yakan kai kilo 50, wato ya ninka karen gida sau biyu ko fiye. Suna zama gungu-gungu, kowane gungu kuwa gida ɗaya ne: uba, da uwa, da 'ya'yansu na bana da na bara. A Yellowstone gungu yakan kai wajen 10. Suna barbara a watan Fabrairu, ciki kwana 63 ne, a watan Afrilu uwar takan haifi kwiyakwiyi 4 zuwa 6 a cikin rami. Kowane gungu yana da yankinsa mai faɗin gaske, ba ya kuwa yarda wani ya shigo. A cikin gandun, abin da ya fi kashe kyarkeci shi ne ɗan'uwansa kyarkeci na wani gungu.

Babban abincinsu wata dabba ce mai kama da gwanki, ana ce da ita elk. Yawancin gungunan suna zama kusa da shanu wata da watanni ba su taɓa su ba. Hatsarin ya fi yawa a lokaci biyu: sa'ad da shanu da tumaki suke haihuwa, da kuma ƙarshen bazararsu, sa'ad da kwiyakwiyi suka tasa suna bukatar nama mai yawa. Gungun da ya ɗanɗana naman tunkiya sau ɗaya kuwa, sau da yawa yakan komo.

YADDA AKE BIN SAWUNSA

Hanya ta fari ita ce abin wuya mai rediyo. A lokacin sanyi, sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa ana iya hangen dabba daga nesa, ma'aikata sukan bi gungu da jirgin sama mai saukar ungulu, su harbi ɗaya ko biyu da allurar sa barci. Kafin ya farka sai su auna shi, su ɗebi jininsa, su ɗaura masa abin wuya mai batir. Abin wuyan yana aika wata 'yar ƙara wadda ake kamawa da akwatin rediyo. Na zamani kuwa ta tauraron ɗan adam yake aiko da wurin da dabbar take, sau da yawa a yini. Tun da gungu tare yake yawo, in an san inda ɗaya yake an san inda sauran suke.

In dabbar ta yi sa'o'i ba ta motsa ba, ƙarar takan sāke, ma'aikata su gane ta mutu. Haka ya faru a watan Afrilu na 1995, sa'ad da wani mutum ya harbe namijin da ake kira Lamba 10 kusa da garin Red Lodge a Montana. Abin wuyan ne ya tona asiri, kotu kuma ta hukunta mutumin. Aka bi ƙarar abin wuyan macen, Lamba 9, aka same ta da kwiyakwiyi 8, aka komar da su cikin gandun. Zuriyarta ta yaɗu ƙwarai daga baya.

Abin wuyan ya kuma nuna irin nisan da saurayin kyarkeci yake tafiya neman mata. Wani da aka laƙaba wa OR-7 ya bar gidansu a arewa maso gabashin jihar Oregon a watan Satumba na 2011, ya yi tafiya fiye da mil 1,000, ya shiga Kalifoniya a ƙarshen Disamba. Rabon da a ga kyarkeci a jihar tun 1924. Ashe makiyayin da yake ganin daji ya yi masa nisa, bai tsira ba tukuna.

Amma abin wuya yana da tsada, batir yana ƙarewa, kamun kuma yana da hatsari ga mutum da dabba. Saboda haka ana haɗawa da wasu hanyoyi. Ana ƙirga sawu a kan dusar ƙanƙara. Ana fita da dare a kwaikwayi kukansu, in sun amsa a saurara ko akwai muryar ƙanana. Ana ɗaure kyamara a jikin itace wadda take ɗaukar hoto da kanta in abu ya gitta. Jihar Aidaho ta baza ɗaruruwan irinsu a 2019. Ana tsintar kashinsu da gashinsu a kai ɗakin gwaji, a gane wane ne wane. A Montana har tambayar mafarauta ake yi kowace shekara inda suka ga kyarketai. Duk waɗannan ana rubuta su ne da rana da wuri. Ganin da ba a rubuta ba, gobe ya zama jita-jita.

WA YA KASHE MARAƘIN?

Nan ne gardama ta fi zafi. Makiyayi ya tarar da mushen maraƙinsa, ga sawun kyarkeci kewaye da shi. Ko kyarkecin ne ya kashe shi, ko kuwa cuta ce ta kashe shi kyarkeci ya zo ya ci mushe?

Ma'aikatan gwamnati suna da hanyar ganewa. Ana roƙon mai dabba kada ya taɓa kome, ya rufe mushen da tamfol, ya kife bokiti a kan sawun, ya kira su da hanzari. In sun zo sai su feɗe fatar. Dabbar da aka ciza tana da rai, jini yakan taru ya daskare a ƙarƙashin fata inda haƙori ya shiga. Wadda aka ci bayan ta mutu ba ta da wannan alama, gama zuciya ta daina tura jini. Sukan auna tazarar da take tsakanin fiƙoƙi, su duba inda cizon yake, domin kyarkeci ya fi kama cinya da hammata. Sa'an nan su rubuta ɗaya daga cikin abu uku: an tabbatar, ko ana zato, ko wani abu ne dabam.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mai karatun Littafi. A cikin Fitowa sura 22 an umarta cewa wanda aka ba amanar dabba, in naman daji ya yayyage ta, sai ya kawo abin da ya ragu domin shaida, ba zai biya ba. Annabi Amos ma ya ambaci makiyayin da yakan ƙwato ƙafafu ko guntun kunne daga bakin zaki. Tun dā can an san cewa in babu shaida, amana takan lalace tsakanin mai dabba da mai kiwo.

Da aka tara lissafi sai ga abin mamaki. Binciken ma'aikatar gona ta Amurka na shekarar 2015 ya nuna an yi hasarar shanu da maruƙa wajen miliyan 3.9 a ƙasar duka. Mafi yawansu cuta ce ta kashe su, musamman ciwon huhu, da wahalar haihuwa, da tsananin sanyi ko zafi. Cikin waɗanda namun daji suka kashe, dilan ƙasar da ake kira koyote shi ne kan gaba. Rabon kyarkeci kaɗan ne.

Amma wannan lissafi ba ya sanyaya zuciyar wanda abin ya faɗa wa. Ɓarnar kyarkeci ba ta rabuwa daidai a kan kowa. Takan taru a kan gidaje kaɗan da suke bakin daji, mutum ɗaya ya rasa tumaki 20 a dare guda. Akwai kuma hasarar da ido ba ya gani. Wani bincike a tsaunukan Aidaho, wanda aka buga a 2003, ya gano cewa cikin maruƙa 8 da kyarkeci ya kashe a daji mai duhu, ɗaya kawai masu su suke samu. Malaman Jami'ar Montana kuma sun nuna a 2014 cewa a garken da kyarkeci ya taɓa yi wa ɓarna, sauran maruƙan sukan rage nauyi da wajen kilo 10 kowanne, domin dabbar da take cikin firgita ba ta kiwo sosai.

DIYYA

A 1987 wata ƙungiyar masu ƙaunar namun daji mai suna Defenders of Wildlife ta buɗe asusu domin biyan makiyaya. Tunaninsu shi ne, waɗanda suke so kyarkeci ya rayu, su ya kamata su ɗauki nauyin ɓarnarsa. Suna biyan cikakken kuɗin kasuwa in an tabbatar, rabi kuma in ana zato. Kafin su rufe asusun a 2010 sun biya fiye da dala miliyan 1.4, daga nan jihohi suka karɓi aikin. Jihar Wayomin, saboda maruƙan da ba a samun gawarsu, ta tsara biyan har ninki 7 a wasu yankuna.

Diyya ta rage zafi, amma ba ta warkar da ciwon ba. Makiyaya da yawa sun ce ba domin su sayar wa kyarkeci suke kiwo ba. Kuɗi ba ya mayar da saniyar da aka yi shekaru ana zaɓen irinta. Wanda kuma ya san za a biya shi, wani lokaci yakan yi sakaci da tsaro. Saboda haka hankali ya koma kan rigakafi, wanda masu iya magana suka ce ya fi magani.

RIGAKAFI NA GAMA KAI

A kwarin kogin Blackfoot a yammacin Montana, masu gonaki da makiyaya sun kafa ƙungiyarsu a 1993, suna kiranta Blackfoot Challenge. Al'adar wurin ita ce kowane gida yana da wani kwari bayan gari inda ake jefa mushen dabbobin da suka mutu wajen haihuwa. Ƙungiyar ta lura cewa wannan juji shi yake kiran namun daji har ƙofar garke, beyar da fari, daga baya kuma kyarkeci. A 2003 suka fara aika mota gida gida a lokacin haihuwa tana kwashe mushe. Ana kai shi wuri guda mai shinge, a binne cikin garin katako har ya ruɓe ya zama taki.

Da fari wasu sun ƙi, domin kunya. Ba wanda yake so maƙwabci ya san yawan maruƙan da suka mutu a hannunsa, kada a ce bai iya kiwo ba. Ƙungiyar ta yi alkawari ba za a faɗi sunan kowa ko yawan hasararsa ba, sai mutane suka saki jiki. Daga baya suka ɗauki mahaya, waɗanda aikinsu shi ne su zaga garkunan membobi a kan doki ko babur, su duba sawu, su saurari rediyon abin wuya, su sanar da kowa inda gungu ya nufa, su kuma lura da dabba mai ciwo ko gurguwa a fitar da ita tun kyarkeci bai gan ta ba. Gida ɗaya ba zai iya biyan mahayi ba, gida 20 kuwa sun iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Misali na biyu daga kwarin Wood River ne a Aidaho, inda ake kai tumaki dubbai kiwon bazara a kan duwatsu. Tun daga 2008 masu tumaki, da hukumar yankin, da masu kiyaye namun daji suka haɗa kai. Makiyayi yana kwana kusa da tumakinsa. Da dare ana tara su wuri ɗaya. Ana ƙara yawan karnukan tsaro, manya-manya irin na duwatsun Faransa da na Turkiyya, waɗanda suke tashi cikin tumaki tun suna ƙanana har su ɗauke su 'yan'uwa. Ana kunna fitila mai walƙiya, ana busa ƙaho. In an san inda ramin haihuwa yake, sai a kauce masa da garke. Bayan shekara 7 aka yi lissafi: cikin kowace tunkiya 10,000, biyu kawai kyarkeci ya kashe. A yankin da yake maƙwabtaka da su, inda ba a yi wannan tsari ba, hasara ta ninka tasu sau uku da rabi. Ba a kuwa kashe kyarkeci ko ɗaya a yankin aikin ba cikin shekarun nan.

Akwai wata dabara mai arha da aka aro daga mafarautan gabashin Turai. Igiya ce ake ja kewaye da garke, a rataya mata jajayen tsummoki kusa da juna, iska tana kaɗa su. Kyarkeci yana tsoron abin da bai saba gani ba, ba ya ƙetarewa. Amma tsoron ba ya daɗewa. Bayan kamar wata 2 yakan gane tsumma ne kawai. Saboda haka ana sa ta ne a lokacin haihuwa kaɗai, a naɗe ta bayan haka, wasu kuma suna haɗa ta da waya mai lantarki. Haka yake da fitila da ƙara: in ba a sāke musu wuri da salo ba, dabbar takan saba.

IN RIGAKAFI YA KĀSA

Ba kowane gungu yake jin tsoro ba. In ɓarna ta yi ta maimaituwa, hukuma takan kashe masu yin ta. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya duba shekaru 20 a jihohi 3, ya nuna cewa in ba a yi kome ba ɓarna takan sāke aukuwa bayan kamar kwana 19. In an kashe wasu daga cikin gungun, kwana 64. In an kawar da gungun duka, wajen shekara 2. Amma yankin da ya zama kango, wani gungu yakan zo ya gāje shi, in kuwa juji da sakaci suna nan, labarin yakan koma farko. Malamai har yanzu suna gardama a kan iyakar amfanin kisa. A 2011 aka cire kyarkecin Montana da Aidaho daga ƙarƙashin dokar kiyayewa, jihohin suka buɗe farautarsa da lasin.

Rigimar ba ta kwanta ba. A 2020 mutanen jihar Kolorado suka jefa ƙuri'a, masu so a komo da kyarkeci suka yi rinjaye da ƙyar. Yawancinsu mazauna birni ne, yawancin ƙauyuka kuwa sun ƙi. A watan Disamba na 2023 aka saki 10 da aka kamo daga Oregon, a Janairu na 2025 aka ƙara 15 daga Kanada. Jihar ta sa diyya har dala 15,000 a kan dabba ɗaya. Duk da haka a 2024 sai da aka kama wani gungu saboda yawan kashe shanu da tumaki. Makiyaya suka yi kuka cewa an saki dabbobin tun ba a shirya mahaya da motar kwashe mushe ba. Wanda ya yanke shawara dabam, wanda ya ɗauki kaya dabam, irin wannan kuwa ba ya kawo zaman lafiya ko'ina.

ABIN DA ƘUNGIYARMU ZA TA ƊAUKA

'Yan'uwa, mu ba mu da wannan kyarkeci, ba mu kuma da jirgin sama. Amma muna da kura, da dila, da karnuka marasa iyayengiji, da ɓarawo mai ƙafa biyu. Waɗanda suke kewaye da gandun dajin Yankari sun san ɓarnar giwa a gona, a can ma an ɗaura wa wasu giwaye irin wannan abin wuya domin a san inda suka nufa. Yawancin abin da ya yi aiki a Amurka ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Na ɗaya, a sayi littafi. Magatakarda ya rubuta kowace dabbar memba da ta mutu ko ta ɓace: rana, wuri, da dare ne ko da rana, da abin da aka gani. Bayan shekara guda ƙungiya za ta san ko kura ce take cinye ta, ko zawo da tsutsar ciki ne. Wataƙila kuɗin da za a kashe wajen farauta, allurar rigakafi ya fi cancanta.

Na biyu, kada a yanke hukunci sai da shaidu biyu ko uku. Akuya takan ɓace a ɗora wa yaron maƙwabci ko Bafulatanin da ya wuce, alhali kura ce ta ɗauka. Husuma da yawa daga irin wannan zato suka tashi. A zaɓi dattawa masu sanin sawu su riƙa dubawa. Maƙwabtanmu Fulani gwanaye ne a wannan, in aka roƙi ɗaya ya shiga cikin masu dubawa, maganarsu za ta fi karɓuwa ga kowa. Amma a kula: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ci. Wataƙila ciwon saifa ne, yana kuwa kama mutum. A kira malamin dabbobi.

Na uku, a daina jefa mushe da kayan ciki a bayan gari. A binne da zurfi ko a ƙone. Kada kuma a sa guba a mushe. Guba ba ta zaɓe: takan kashe ungulu da karen gida, ta shiga ruwa, yara kuma suna yawo ko'ina.

Na huɗu, a gyara makwancin dabbobi tun kafin haihuwa. Shingen ƙaya mai kauri da tsawo, da ƙofa mai ƙarfi, gama yawancin shinge ta ƙofa yake kāsawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Gidaje 4 ko 5 suna iya yin shinge ɗaya su yi gadi bi da bi. Karen tsaro a ciyar da shi, a kuma yi masa allurar haukan kare.

Na biyar, a duba ko ƙungiya za ta iya ɗaukar babban mutum mai kiwo a biya shi, maimakon a tura ƙananan yara daji a hana su makaranta. A biya shi hakkinsa a kan kari. Mai kiwon da aka riƙe da mutunci yakan tsaya wa garke kamar nasa.

Na shida, a buɗe ɗan asusun taimakon juna. Kowane memba ya sa abu kaɗan bisa ga yawan dabbobinsa. Wanda ya yi hasara, shaidu suka tabbatar, ya kuma kiyaye ka'idar shinge, a ba shi rabin kuɗin dabbar. Rabi ya isa ya ta da shi, bai kuwa kai ya sa shi sakaci ba. Manzo Bulus ya gargaɗi masu bi na Galatiya su ɗauki nawayar juna. Gwauruwar da take bakin daji da awaki 3, ita ce za ta fara sanin ko mun ji wannan gargaɗi.

Allah ya sa Adamu a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Garken yana cikin amanar, dajin ma yana ciki. Ubangiji ya ba mu hikima mu riƙe su duka biyu.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Dabbobi nawa membobinmu suka rasa bara? Nawa ne muka san ainihin abin da ya kashe su?

2. Ina muke jefa mushe a ƙauyenmu? Nisansa nawa daga makwancin dabbobi?

3. Waɗanne gidaje ne hasara ta fi faɗa wa, me kuma sauranmu muka yi musu?

4. Su wa za mu zaɓa su zama shaidu, waɗanda Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, duk za su yarda da maganarsu?